Wata 19 a Kan Kalma Ɗaya

A sashen da na yi digirin digirgir a birnin Nanjing na ƙasar Sin, ɗalibi ba ya zama gaban kwamitin kare kundi sai ya nuna maƙalar da aka buga masa a ɗaya daga cikin mujallun da ke jerin CSSCI. Jami'ar Nanjing ce ke tsara wannan jeri na mujallun falsafa da tarihi da adabi da ilimin zamantakewa. Ɗalibai ba sa wahalar da bakinsu, "C kan" kawai suke cewa. A layin karɓar abinci za ka ji ana tambayar juna, "Ka samu C kuwa?" kamar yadda ake tambayar mai neman aure ko an sa rana. Mu baƙi akan ɗan sassauta mana a wasu sassan, amma malamin da ke duba aikina ya ce shi bai san da wannan sassaucin ba. Laoshi muke ce masa, wato malam, kuma ko a bayan idonsa ba mai kiran sunansa gatsau.

Ni Larabci da ilimin addini na karanta a Kano, daga makarantar soro har jami'a. Abin da ya kai ni Sin wani malami ne mai suna Liu Zhi, ɗan asalin Nanjing ɗin nan, wanda aka haifa wajejen 1660. Yana cikin wasu malaman Musulmi Sinawa da suka tashi a ƙarshen daular Ming da farkon daular Qing suka ce za su bayyana Musulunci da tsohon Sinancin rubutu, wanda ake kira wenyan, kuma da kalmomin da almajiran Konfushiyas, babban malamin falsafar Sin na dā, suka saba da su. Wang Daiyu ya riga shi, littafinsa ya fito a 1642. Ma Zhu na lardin Yunnan ma ya riga shi. Amma Liu Zhi ne ya kai abin ƙololuwa. A littafinsa Tianfang Dianli ya jera shika-shikan Musulunci biyar kusa da alaƙoƙi biyar na Konfushiyas, wato tsakanin sarki da bafade, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, aboki da aboki. Da sarki Qianlong ya sa aka tattara littattafan daular tun daga 1773, an shigar da sunan wannan littafi cikin babban kundin sunayen, ko da yake ba a kwafe shi cikin tarin kansa ba.

Nawa aikin a kan ɗaya littafin ne, Tianfang Xingli, wanda ya kammala a 1704. Matani ne gajere mai babi biyar, sai sharhi mai juzu'i biyar da zane-zane 60, galibinsu da'irori cikin da'irori, masu nuna yadda halitta ta fito daga Ɗaya da yadda take komawa gare Shi. Ranar da na gano cewa wani malamin Yunnan, Ma Lianyuan, ya mayar da matanin zuwa Larabci a 1898, har daga baya aka buga sharhinsa a Kanpur ta Indiya, ban yi barci ba. Na ce kakata ta yanke saƙa. Abokan karatuna sun fi ni Sinanci nesa ba kusa ba, amma ba mai iya karanta layi ɗaya na wannan Larabcin. Na shimfiɗa matanin Sinanci a hagu, na Larabci a dama, na shiga haɗa kalma da kalma. Cikin wata huɗu na fitar da maƙala, kuma duk nauyinta a kan harafi ɗaya yake: xing. Masu fassara kan ce ɗabi'a ko asalin halin abu. Ni kuwa na ce a wajen Liu Zhi xing riga ce kawai, wanda ke cikin rigar shi ne ruhi kamar yadda sufaye suka san shi.

Da Sinanci na rubuta. Wata shijie, haka ake kiran ɗalibar da ta riga ka shiga hannun malami, kamar ka ce yaya, ta bi ta da jan biro sau biyu. Ta ce jimlolina dogaye ne kamar jirgin ƙasa, kuma ina yawan gaisuwa kafin in shiga magana. Na roƙi Laoshi ya sa sunansa a gaba, domin kowa ya san mujallu sun fi sakin jiki da maƙalar da ke ɗauke da sunan farfesa. Ya ƙi. Ya ce bai iya Larabci ba, ba zai sa hannu a kan abin da ba zai iya karewa ba. A lokacin na ji haushi.

A watan Maris na tura wa wata mujallar falsafar Sin. Ƙa'ida ita ce ba a tura maƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda, kuma mujallu da yawa kan rubuta cewa in wata uku ya cika ba ka ji komai ba, ka san inda dare ya yi maka. Shafin intanet ɗinsu ya tsaya a kan kalma ɗaya, chushen, wato dubawar farko, har watan Yuni ya kama. Wani da ya san wani ya gaya wa Laoshi cewa editan ya ga wannan ai ba falsafar Sin ba ce, nazarin addini ne. To, na kai ta mujallar nazarin addinai. Su kam ba su ɓata min lokaci ba, kwana tara suka amsa da layi biyu: batun ya fi dacewa da mujallar tarihin tunanin Sinawa.

Maƙalata ta zama jemage, tsuntsaye sun ce dabba ce, dabbobi sun ce tsuntsu ce. Kowa a taro yana yabon binciken da ya ratsa fannoni, kua xueke suke ce masa, shugabannin jami'a ba sa jawabi ba su ambace shi ba. Amma mujalla tana da edita, editan yana da fanninsa, kuma yana da ɗan littafin sunayen mutanen da yake aika wa aiki su duba. In bai san wanda zai aika wa taka ba, mayar maka da ita ya fi masa sauƙi. Ban ga laifinsa sosai ba yanzu. Mutum nawa ne a duniya suka haɗa wenyan da Larabci da Farisanci da falsafar Sin ta zamanin daular Song?

Ta uku mujalla ce da ke buga bincike a kan tsohuwar al'adar Sin ta kowace fuska, tarihi da adabi da falsafa da nazarin tsofaffin bugu. Na tura a watan Satumba. Kafin mutum ya karanta, sai na'ura ta karanta: akwai manhajar da ke auna yawan abin da maƙala ta yi tarayya da rubutun wasu, chachong ake ce wa wannan mataki. Ta mayar min da shafukana jajaye, saboda duk inda na ɗauko maganar Liu Zhi ta ɗauka sata ce. Na rage tsawon abin da na ɗauko, na daidaita alamomin ɗauko magana, ta wuce. Bayan mako uku kalmar da ke shafin ta sauya zuwa waishen. An aika wa masana na waje ke nan, su ba su san sunana ba, ni ban san nasu ba.

A watan Janairu, ana sanyin nan na Nanjing mai shiga ƙashi, sakamako ya zo: tuixiu, a gyara a dawo da ita. Rahoto biyu ne.

Na farko shafi ɗaya ne, kuma daga gani mai shi ya san sufanci. Ya yaba, sannan ya soke ni a inda ban zata ba. Ya ce na dogara da Larabcin Ma Lianyuan kamar shi ne tushe, alhali an yi shi kusan shekara 200 bayan littafin. Liu Zhi da kansa ya lissafa littattafan da ya dogara da su, kuma waɗanda ya fi jingina da su na Farisanci ne: Mirsad al-Ibad na Najmuddin Razi, da Maƙsad-i Aƙsa na Aziz Nasafi, da Lawa'ih da Ashi'at al-Lama'at na Abdurrahman Jami. Ina Farisancin a maƙalata? Babu. Ashe ko ɓangaren da nake taƙama da shi rabi na riƙe.

Na biyu shafi huɗu ne, an ƙidaya abubuwa 23. Na karanta shi a tsaye, na rufe kwamfuta, na fita na zaga filin wasa sau biyu. Ya ce na yi amfani da bugun zamani mai sauƙaƙƙun haruffa, wanda wani ya sa wa alamomin tsayawa yadda ya ga dama. Ya ce na ambaci Zhu Xi, babban mai sharhin littattafan Konfushiyas, sau shida amma ba alamar na karanta shi. Abu na 11 shi ne wanda ya hana ni cin abinci. Ya tuna min cewa Liu Zhi ya faɗa da bakinsa cewa ya yi shekara takwas yana karanta littattafan Konfushiyas da na tarihi, shida a kan littattafan Musulunci, uku a kan na Buddha, ɗaya a kan na addinin Dao. Sai ya tambaya: mutumin da ya ba abu shekara takwas, riga kawai ya je nema?

Na kai wa Laoshi ina huci. Na ce wannan mutumin bai san komai a kan Musulunci ba. Ya karanta a hankali, ya cire tabarau, ya ce, "Gaskiya ne, bai sani ba. Kai kuma nawa ka sani a kan abin da ya sani?" Ya ce in je in zauna a da'irar karatun da wani tsohon farfesa mai ritaya ke yi duk yammacin Alhamis.

Wannan da'ira ita ce ta fi komai kama da gida a duk zamana a Sin. Mutum takwas ko tara a kewaye da tebur, kowa da kofin shayinsa, ana karanta Littattafai Huɗu, wato ginshiƙan karatun almajiran Konfushiyas, tare da sharhin Zhu Xi, malamin da ya rayu daga 1130 zuwa 1200, wanda sharhinsa ya zama abin da ake jarraba masu neman aikin sarauta a kai tun daga ƙarni na 14 har aka soke jarrabawar a 1905. Ɗalibi ya karanta jimla, ya fassara ta zuwa Sinancin yau, tsoho ya gyara. Wani lokaci jimla biyu ke cinye awa biyu. Na tuna zaman da muke yi a gaban malam da Risala ko Muhtasar, ana ja ana fassarawa gaɓa-gaɓa. Su ma Musulmin Sin suna da irin wannan karatu a masallatai tun zamanin Hu Dengzhou a ƙarni na 16, har da ajaminsu, xiao'erjing, Sinanci da haruffan Larabci. Amma wannan wani zance ne.

A can na gane abin da mai karatu na 1704 yake ji in ya ga xing. Ba kalma ce da ke zaune ba kowa a kanta ba. Littafin Zhongyong, ɗaya daga cikin Littattafai Huɗun, da ita ya buɗe, inda ya ce abin da Sama ta ɗora wa halitta shi ake kira xing. A cikin magabatan almajiran Konfushiyas, Mengzi ya ce xing ɗin mutum mai kyau ne, Xunzi ya ce a'a. Cheng Yi na zamanin Song ya zo ya ce xing shi ne li, wato ƙa'idar da kowane abu ke tafiya a kai, Zhu Xi ya gina gini a kan wannan, ya raba tsakanin xing na asali da xing da ya cuɗanya da qi, sinadarin da jiki ya samu, mai tsabta ko mai gurɓata. Yaron da aka fara koya wa karatu ma, layin farko da yake haddacewa a kan xing ne. Sunan littafin Liu Zhi kansa, Xingli, sunan wannan fannin ilimi ne sukutum. Ni na zo na ɗage duk wannan gefe guda kamar labule, ina neman Larabcin da ke baya. Ƙaramin sani ƙuƙumi.

Sai maganar alamomin tsayawa. Tsofaffin littattafan Sin ba su da aya ba su da waƙafi, haruffa ne a jere daga sama zuwa ƙasa, mai karatu ne zai san inda zai yanke. Wanda ya taɓa fama da Larabci marar wasali ya san irin wannan rami. Akwai jimla ɗaya a sharhin da na kafa hujja da ita, inda bugun zamani ya yanke bayan wani harafi, ni kuma na bi shi ido rufe. Mai rahoto na biyu ya ce a matsar da yankan gaba da harafi biyu. In aka matsar, hujjata ta raunana. Na kai wa tsohon, ban gaya masa wane ne ya ce me ba. Ya karanta da ƙarfi sau biyu yana kaɗa yatsa, ya ce kunnensa ya fi yarda da na biyun, saboda jimlar da ke biye tana da tsawo iri ɗaya kuma su biyun tagwaye ne. Na cire hujjar. Sakin layi uku suka tafi da ita.

Neman tsohon bugu ya kai ni ɗakin tsofaffin littattafai na wani laburare, inda ake ajiye jaka da biro a waje, a shiga da fensir. Sau da yawa hoton littafin ake ba ka a kwamfuta, ba shi kansa ba. Kwafin da na samu bugun katako ne, wato an sassaƙa kowane shafi a kan allo aka buga, kuma shafin da ke nuna shekarar bugu ya ɓace. Shijie ce ta koya min dabara. A zamanin sarakuna ba a rubuta harafin da ke cikin sunan sarki yadda yake, sai a rage masa zane ɗaya ko a musanya shi. Sunan sarki Kangxi yana da harafin 玄, don haka a littattafan Qing za ka tarar an guntule shi ko an sa 元 a madadinsa. Muka bi shafi-shafi har muka tarar an taɓa harafin ning, wanda ke cikin sunan sarki Daoguang da ya hau mulki a 1820. Ke nan ba a sassaƙa allunan kafin wannan shekara ba, fiye da ƙarni guda bayan marubucin ya kammala littafin. Na rubuta haka a ƙasan shafi, na mayar da duk ambatona zuwa lambar juzu'i da lambar ganye, gaba ko baya, yadda masu wannan fanni ke yi. Layi huɗu ne a maƙalar. Kwana 11 suka ci.

Farisanci kuwa, wani ɗalibi ɗan Iran da ke karanta injiniya na samu, ina gyara masa Turanci yana ja min Mirsad. Rabin kalmomin na Larabci ne, nahawun kuma bai kai na Larabci wuya ba, don haka cikin wata uku na iya bin sassan da nake buƙata da ƙamus a gefe. Ban ce na iya Farisanci ba, kuma na faɗi haka a wasiƙata ga edita.

Maƙalar da na mayar a watan Yuni ba ita ce wadda na tura ba. Na daina cewa xing riga ce. Abin da na ce yanzu shi ne Liu Zhi ya zaɓi kalmar da gangan don ta yi aiki biyu a lokaci guda. Almajirin masallaci zai ji ruhi da martabobinsa, daga na annabawa zuwa na waliyyai zuwa na sauran mutane har ƙasa zuwa dabba da tsiro da dutse. Almajirin Zhu Xi zai ji abin da Sama ta ɗora wa kowace halitta. Sabon abin da Liu Zhi ya kawo yana daidai inda ma'anonin biyu suka ƙi haɗuwa, domin a wajensa akwai Mai ɗorawa, Zhenzhu, Ubangiji na gaskiya, wanda li ba ya maye gurbinsa. Da ban zauna a da'irar Alhamis ba, ba zan ga wannan gocewar ba, tunda ban san daga inda aka goce ba.

Tare da maƙalar akan haɗa takardar bayanin gyara. Na bi abubuwa 23 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Na karɓi 19. Huɗu na ƙi, kuma Laoshi ya sa na sake rubuta ƙin sau uku har ya zama da ladabi. Ɗaya daga ciki mai rahoton ya so in ce tunanin Liu Zhi a kan komawa ga Ɗaya daga Buddha ya samo shi. Na kawo masa wurin a Farisanci, na nuna cewa zancen mafari da makoma yana cikin Mirsad tun ƙarni na 13, a kansa ma aka gina littafin. A zagaye na biyu ya rubuta layi ɗaya a kan wannan: ya karɓa, kuma ya ƙaru. Har yau ban san ko wane ne ba. Na sha zama a taro ina kallon tsofaffin farfesoshi ina cewa ko wannan ne, ko wancan.

Takardar karɓa, luyong tongzhi, ta zo a watan Agusta bayan babban edita ya yi dubawar ƙarshe. Na ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da aka turo shafukan gwaji, duk kalmomin Larabci da Farisanci sun watse: haruffa sun rabu da juna, kuma sun juya daga hagu zuwa dama. Ruh ta koma ha, wawu, ra. Mai tsara shafin bai ga wata matsala ba, a idonsa zane ne kamar kowane zane. Sau uku ake duba gwaji, sau uku ina gyarawa, wani wurin ya gyaru wani ya sake ɓaci. A ƙarshe na ɗauki hoton kowace kalma yadda ya kamata ta fito, na lissafa su da lambar shafi da layi, na aika wa wata matashiyar edita da ta yi haƙuri da ni fiye da kima. Sun kuma rage min kalmomi kusan dubu biyu saboda shafuka, suka sauya take, suka cire godiyar da na yi wa ɗan Iran ɗin. Wannan na ƙarshen na roƙa aka mayar.

Ta fito a watan Oktoba, wata 19 daga ranar da na fara turawa. Kwafi biyu suka aiko min. Ɗaya na kai wa Laoshi, ya juya shi, ya duba ƙasan shafuka kafin ya duba samansu, ya ce, "To, sai ta biyu." Ɗayan na ba wani ɗan kasuwa da ke zuwa Guangzhou sayayya ya kai wa malamina na soro a Kano, wanda ya koya min Ajurumiya ina ɗan shekara 12.

Bayan mako uku ya kira ni. Ya ce ya ga saƙo, Allah Ya yi albarka, shi dai bai ga komai ba sai ƙafar kaza, amma ya bi ya tsinci Larabcin da ke ciki. Sai ya ce, "Shafi na 87, layi na shida daga ƙasa. Hamzar nan a kan wawu take zama, ba a kan alif ba." Na buɗe hoton shafin a wayata ina tsaye a bakin titi. A kan alif take.